Tambayoyi da amsoshi kan Hannibal, littafin da aka jira shekara 11 ya fito ya raba kan masu karatu

Ga gargaɗi tun kafin a yi nisa. Ba yadda za a yi bayanin rigimar da ta biyo bayan wannan littafi ba tare da an fasa ƙwai game da ƙarshensa ba, domin a can rigimar take. Wanda ke da niyyar karanta shi ba tare da an ɓata masa labari ba, ya dakata daga tambaya ta huɗu.

Wane littafi ake magana a kai, kuma wa ya rubuta shi?

Sunansa Hannibal, na marubucin Amurka Thomas Harris, ya fito ranar 8 ga Yuni, 1999. Shi ne littafi na uku da Dakta Hannibal Lecter ya fito a ciki, wato likitan nan na masu taɓin hankali wanda ke kisan ɗauki ɗai-ɗai yana kuma cin naman waɗanda ya kashe. Na farko shi ne Red Dragon na 1981, inda Lecter bai wuce ɗan rakiya ba. Na biyu The Silence of the Lambs na 1988, wanda ya haɗa shi da Clarice Starling, budurwar da ke koyon aiki a hukumar FBI.

An haifi Harris a 1940, ya taso a jihar Mississippi, kuma ɗan jarida ne kafin ya zama marubucin ƙagaggun labarai. Ya yi aikin ɗauko rahoton 'yan sanda a wata jarida a garin Waco, daga baya ya koma kamfanin dillancin labarai na AP a New York. Ana ganin wannan horo a littattafansa biyu na farko kan Lecter. Jimlolinsa gajeru ne, ya san yadda ake ɗaukar zanen yatsa, ya san yadda ake binciken gawa, ba ya kuma tsayawa ado inda ba a buƙata.

Me ya sa mutane suka ƙagu haka da fitowarsa?

Fim ne ya jawo. A 1991 Jonathan Demme ya mayar da littafi na biyu fim, Jodie Foster ta fito a Starling, Anthony Hopkins ya fito a Lecter. A bikin Oscar na 1992 fim ɗin ya kwashe manyan kyaututtuka biyar: fim mafi kyau, darakta, jarumi, jaruma da tsara labari. Kafin shi fina-finai biyu kacal suka taɓa yin haka. Hopkins bai cika rabin awa a kan allo ba a duk tsawon fim ɗin, amma shi mutane suka fita suna kwaikwayo.

Labarin kuwa ya tsaya ne a inda rai ke son ƙari. Lecter ya tsere daga hannun hukuma, Starling ta kama hanyar zama cikakkiyar jami'a, kowa na tambayar yaya za ta kaya idan suka sake haɗuwa babu ƙarfe tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa gama littafin Hausa na ɗaya ya tarar da "mu haɗu a na biyu" a shafin ƙarshe, ya yi ta zarya wurin mai sayar da littattafai, ya san wannan ƙishirwa. Sai dai masu jiran Harris shekara 11 suka yi. Mutum ne mai jan ƙafa wajen rubutu, kuma a waɗannan shekaru ba ya hira da 'yan jarida, ba ya yawon tallar littafi. Shirunsa ya ƙara wa abin kwarjini. A cikin waɗannan shekaru kowane mai karatu ya riga ya rubuta nasa ci gaban a zuciyarsa, kuma da wannan littafin na zuci aka auna na gaske ranar da ya fito.

A taƙaice, me ke cikin labarin?

Shekara bakwai bayan abubuwan da suka faru a littafi na biyu, Starling ba ta je ko'ina ba a wurin aiki. Labarin ya buɗe da wani samame kan masu safarar ƙwaya a kasuwar kifi a Washington, inda lamari ya ɓaci, ta harbe wata mata mai suna Evelda Drumgo wadda ke ɗauke da jariri tana kuma harbi. Jaridu suka yi mata ca, manyanta suka fara neman wanda za su ɗora wa laifi. Cikin masu haƙa mata rami har da Paul Krendler na ma'aikatar shari'a, wanda ya daɗe yana jin haushinta.

Lecter kuwa yana birnin Florence na Italiya da sunan Dakta Fell, yana kula da ɗakin tsofaffin littattafai na gidan Capponi, yana gabatar da lacca kan mawaƙi Dante, yana cin mai kyau yana shan mai kyau. Wani sufeton 'yan sanda, Rinaldo Pazzi, ya gane shi. Maimakon ya kama shi, kwaɗayin ladan dala miliyan 3 ya sa ya yanke shawarar sayar da shi.

Mai sayen shi ne Mason Verger, hamshaƙin mai kuɗi, magajin kamfanin nama, mai lalata da ƙananan yara. Shekarun baya Lecter ya ɗirka masa ƙwaya ya sa ya yayyanka fuskarsa da hannunsa. Yanzu yana kwance ba ya motsi, na'ura ke taya shi numfashi, burinsa ɗaya a duniya ya ga aladun daji da ya sa aka yi masa kiwonsu a tsibirin Sardiniya sun cinye Lecter da ransa. Littafin ya kusa shafi 500, kuma kusan duka farauta ce: Verger na farautar Lecter, Krendler na farautar Starling, ita kuma tana bin sawun duka biyun.

To mene ne a ƙarshen da ya tayar da ƙura?

Mutanen Verger sun kama Lecter a Amurka. Starling, wadda a lokacin an dakatar da ita daga aiki, ta je ita kaɗai ta cece shi, don ba za ta zuba ido a azabtar da mutum ba ko da shi ne. A wurin aka harbe ta da allurar sa barci. Lecter ya ɗauke ta ya fice da ita.

Har zuwa nan babu mai ƙorafi sosai. Abin da ya biyo baya ne matsalar. Lecter ya ajiye ta a wani gida, ya yi ta ba ta ƙwayoyi yana juya mata tunani, yana tono ciwon mutuwar mahaifinta, har ƙasusuwan mahaifin ya sa aka tono ya kawo mata. Daga nan aka yi liyafar da ta fi komai suna a littafin, inda aka zaunar da Krendler a teburi da ransa aka ci ƙwaƙwalwarsa, kuma Starling ta ci. Bayan shekara uku, Barney, tsohon ma'aikacin asibitin da aka taɓa tsare Lecter, ya hango su biyu a gidan wasan Teatro Colón da ke Buenos Aires a Ajantina, sun sha ado, masoya. Ya tattara nasa ya nasa ya bar garin a daren.

Ku tuna wace ce Starling a idon masu karatu. Marainiya ce daga West Virginia, mahaifinta mai gadin gari ne da ɓarayi suka harbe. Ta taso a gidan marayu, ta yi karatu da guminta, ta shiga aikin da maza suka mamaye, ana kallonta ana raina ta, ba ta tanƙwaru ba. Abin da ke tuƙa ta shi ne kukan 'yan tumakin da ta ji ana yankawa tana yarinya ta kasa cetonsu. Mata da yawa sun ɗauke ta tasu. Mace ce da aka ƙirƙira ba don ta zama budurwar wani a labari ba. Sai ga marubucin da ya gina ta ya miƙa ta ga mai cin mutane, da rigar liyafa. Waɗanda suka fusata ba su ce an rubuta abin tsoro ba. Cewa suka yi an ci amanarta, an ci tasu.

Akwai kuma ƙorafi na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi. Da a ce Starling ta zaɓi wannan hanya da hankalinta, bayan ta auna, da sai a yi ta muhawara kan halin ɗan Adam. Amma allura da ƙwaya aka sa a tsakani. Mai karatu bai san ko ita ce ta yanke hukunci ko maganin da ke jininta ba. Littafin ya nuna cewa daga baya ƙwaya ta fita daga rayuwarsu kuma ta zauna da son ranta, sai dai an gaya mana ne kawai, a 'yan shafukan ƙarshe, bayan an riga an gama aikin.

Masu kare ƙarshen fa, me suke cewa?

Suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a koma a duba abin da littafin ya yi shafi ɗari-ɗari yana nunawa. Hukumar da Starling ta ba rayuwarta ta yi watsi da ita. Jack Crawford, ubangidanta da ke kare ta, ya tsufa, ƙarfinsa ya ƙare, ciwon zuciya ya kama shi. Duk wanda ke da kujera a littafin ko dai maci amana ne, ko matsoraci, ko na sayarwa. Mutum ɗaya ne tun farko ya saurare ta, ya gane ta, bai taɓa yi mata ƙarya kan kanta ba, kuma shi ne dodon. A wurinsu, ƙarshen ba labarin soyayya ba ne. Shi ne abin tsoro mafi girma da Harris ya taɓa rubutawa, domin ya nuna cewa nagarta ma tana iya gajiya idan aka yi ta wulaƙanta ta.

Wasu sun ƙara da cewa alamun suna nan tun littafi na biyu. Wace irin hira ce ake yi ta cinikin sirri, ka ba ni naka in ba ka nawa? Me ya sa Lecter ya yi wa Starling alƙawarin ba zai neme ta da cuta ba? Masu wannan ra'ayi suna ganin mutane sun ji daɗin wannan kusanci muddin akwai shinge, da aka cire shingen kuma suka fara salati.

Sannan akwai masu cewa ba Lecter ne ya ci nasara ba. Niyyarsa ita ce ya share Starling ya mayar da ita mazaunin ƙanwarsa da ta mutu. Ita ce ta ƙi, ta juya masa tambayar, ta ce me zai hana ƙanwar ta zauna a cikinsa shi. Ta wannan karatu, ita ta horar da shi. Ban gamsu ba, amma na ga inda suka samo.

Wace ƙanwa kuma? Ashe Lecter na da tarihi?

Nan ne wuri na biyu da kawuna suka rabu. A littafin 1999 ne aka fara jin labarin ƙanwar tasa, Mischa. Lecter ɗan masu sarauta ne a Lituweniya. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu sojoji da suka gudu daga fagen daga suka mamaye gidansu cikin tsananin sanyi da yunwa, suka kashe ƙanwarsa suka cinye, yana ɗan shekara shida.

Matsalar ita ce a littafi na biyu Lecter da bakinsa ya yi wa Starling ba'a lokacin da ta zo da takardar tambayoyi tana son gano abin da ya mayar da shi haka. Ya nuna mata cewa babu wani abin da ya same shi, shi ne ya samu duniya, kuma ba za a iya rarraba shi zuwa jerin dalilai ba. Wannan amsa ita ce rabin kwarjininsa. Sharrin da ba a san tushensa ba ya fi firgitarwa. Da aka ba shi ƙanwa da yaƙi da mafarkin tsoro, sai ya zama majinyaci irin waɗanda shi kansa yake dubawa. An ci ƙanwarsa, shi ma yana cin mutane. Lissafin ya yi sauƙi da yawa.

Masu goyon baya sun ce ai ba yadda za a yi mutum ya riƙe littafi guda a matsayin jigo ba tare da an buɗe cikinsa ba. Gaskiya ne. Amma wannan ma shi ne abin da masu suka ke faɗa: bai kamata ya zama jigo ba tun farko.

Ƙazanta da zubar da jini ba su cikin abin da ya kori mutane?

Suna ciki, amma ba su ne kan gaba ba. Wanda ya karanta littafi na biyu, inda ake feɗe fatar mata ana ɗinka riga da ita, ba zai zo yana kukan jini ba. Abin da ya canza shi ne launin abin. A littattafan farko, mugunta tana da nauyi, ana ganin gawa ana tuna cewa 'yar wani ce. A na uku an shiga wuce gona da iri da gangan: Verger marar fuska da ke sa yara kuka ana haɗa masa abin sha da hawayensu, ƙaton kifi mai kamar maciji a cikin tanki kusa da gadonsa, aladu masu cin mutum, ƙanwarsa Margot mai ɗaga ƙarfe wadda a ƙarshe ta kashe shi da kifin nan. Wasu sun karanta wannan a matsayin baƙar barkwanci suka yi dariya. Wasu suka ga marubuci ne ya rasa linzami.

Akwai wata dabara a nan da ta dami masu lura. An sa Verger da Krendler sun yi muni ƙwarai har mai karatu ya wayi gari yana yi wa Lecter fatan nasara. Waɗanda yake kashewa a wannan littafi kusan duk marasa kunya ne ko marasa ɗa'a ko maciya amana. An manta da ma'aikaciyar jinyar da ya yaga wa fuska, da 'yan sandan da ya kashe wajen tserewa.

Manyan marubuta da masu sharhi, ina suka tsaya?

Su ma rabuwa suka yi, kuma sunaye biyu ake yawan kawowa. Stephen King, sarkin labaran ban tsoro na Amurka, ya yi sharhi a mujallar littattafai ta New York Times ya yaba ƙwarai. Ya sa littafin cikin biyu mafiya ban tsoro a labaran zamaninmu da jama'a ke karantawa, ɗayan shi ne The Exorcist, ya kuma kwatanta Lecter da Dracula na wannan zamani.

Martin Amis na Ingila ya yi akasin haka a mujallar Talk, kuma daga baya ya sa sharhin a tarin maƙalunsa na 2001. Abin da ya sa sukarsa ta yi zafi shi ne yana cikin masu ganin girman littattafai biyun farko. Ya zargi Harris da faɗawa son halittarsa, da kuma ɗagawa. Littafin cike yake da sunayen giya masu tsada, turare, kayan kiɗa na da, abincin masu hannu da shuni, ga kuma raini ga talaka mai cin abincin jirgi da mai yawon buɗe ido. A ganin Amis, marubucin ya daina kallon Lecter daga waje, ya koma yana kallon mu da idon Lecter.

Abin sha'awa, su biyun ba su saɓa kan abin da ke cikin littafin ba. Duka sun ga cewa an bar labarin bincike an koma tatsuniyar dodo. King na son tatsuniyar dodo, sana'arsa ce. Amis yana kewar ɗan jaridar nan mai gajerun jimloli.

Sashen Florence da kowa ke yabo, akwai gaskiya a cikinsa?

Akwai sosai, kuma nan ne ko masu suka suke sassautawa. Gidan Capponi na gaske ne, yana nan a birnin. Dangin Pazzi ma na gaske ne. A 1478 suka ƙulla makircin kashe 'yan gidan Medici, masu riƙe da mulkin Florence, a cikin babban cocin birnin, suka kashe Giuliano, ɗan'uwansa Lorenzo ya tsira. Aka rataye Francesco de' Pazzi daga tagar fadar Palazzo Vecchio. Harris ya ɗauki wannan ya sa Lecter ya rataye sufeto Pazzi daga fadar, kamar kakansa, bayan ya gama lacca kan cin amana da kwaɗayi da rataya. An gina wannan sashe da haƙuri, kuma mai karatu na ganin ramin tun kafin Pazzi ya gan shi.

A labarin, wata shari'ar kisa ce ta zubar da mutuncin sufeto Pazzi, kuma ita ma tana da tushe. Tsakanin 1968 da 1985 an kashe mutum 16 a kewayen Florence, bibbiyu, galibi masoya a cikin mota, aka laƙaba wa makashin Dodon Florence. An gurfanar da wani manomi, Pietro Pacciani, aka same shi da laifi a 1994, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 1996, ya mutu a 1998 kafin a sake shari'ar. An ga Harris a zauren kotun a 1994 yana rubuce-rubuce.

Duk da surutun, littafin ya sayu?

Ƙwarai. Bugun farko ya haura kwafi miliyan ɗaya, kuma a jerin ƙagaggun labaran da aka fi saya a Amurka a 1999 shi ne na biyu, bayan wani littafin John Grisham. Sai dai ciniki irin wannan ba ya nuna gamsuwa. Yawancin masu sayen sun biya ne saboda littafin 1988.

Me ya sa Jodie Foster ba ta fito a fim ɗinsa ba?

Ba ita kaɗai ta janye ba. Demme bai dawo ba, Ted Tally da ya tsara labarin fim na farko shi ma bai dawo ba. A lokacin an ba da dalilin cewa Foster na da wani aikin fim a gabanta, amma ba ta ɓoye cewa abin da aka yi wa Starling a littafin bai kwanta mata ba. Furodusa Dino De Laurentiis ya ɗauko Ridley Scott ya ba da umarni, Julianne Moore ta karɓi matsayin Starling, Gary Oldman ya zama Verger, Hopkins ya dawo.

Fim ɗin ya fito a 2001 kuma ya canza ƙarshen gaba ɗaya. Starling ba ta ci komai ba, ba ta bi shi ba. Ta ɗaure hannunta da nasa da ankwa, shi kuma ya gwammace ya sare nasa hannun ya gudu. An cire Margot, an cire Mischa. Ya tara sama da dala miliyan 350 a duniya. Daga nan rigimar ta haifi 'ya: masu cewa fim ya gyara ɓarnar littafi, da masu cewa fim ya ji tsoro, ya bar liyafar ƙwaƙwalwa don tayar da hankali amma ya gudu daga abin da ya sa aka shirya liyafar.

Ko da gangan Harris ya yi don ya huta da masu matsa masa?

An daɗe ana wannan zato. Masu shi suna cewa mutumin ya ga yadda duniya ta mayar da makashi gwarzo, ana sayar da riguna da hotonsa, sai ya ce tunda shi kuke so, ga shi nan har ku ƙoshi. Wasu kuma na cewa ya rubuta abin da ba zai fimtu ba ne don ya toshe bakin masu fim. Harris bai fito ya yi gardama da kowa ba. Abin da ya sha nunawa a ɗan abin da ya rubuta game da aikinsa shi ne ba ya jin shi ke ƙirƙiro abubuwan, yana bin mutanen labarinsa ne yana rubuta abin da ya gani. A 2013, a gabatarwar bugun cika shekara 25 na littafi na biyu, ya bayyana cewa wani likita da ya haɗu da shi a gidan yarin Monterrey na Meziko yana matashin ɗan jarida, wanda ya ɗauka ma'aikaci ne ashe fursuna ne mai laifin kisa, shi ne tushen Lecter.

Zaton toshe bakin masu fim dai bai tsaya ba, tunda a 2006 ya sake fitar da Hannibal Rising kan ƙuruciyar Lecter, ya kuma rubuta fim ɗinsa da kansa. De Laurentiis ya faɗa a fili cewa ya gaya masa idan bai rubuta ba zai sa wani ya rubuta. Wannan karon ba a rabu sosai ba, yawanci ba su yaba ba.

Kai mai amsa tambayoyin nan, wane ɓangare kake?

Ina ganin littafi ne mai kyau har zuwa inda Lecter ya ɗauki Starling daga cikin aladu, kuma sashen Italiya ya kai duk abin da Harris ya taɓa rubutawa. Ban ƙi a ce Starling ta faɗi ba. Mutanen kirki suna faɗuwa, kuma marubuci ba bawan masu karatunsa ba ne. Abin da ban yafe ba shi ne gajeriyar hanyar da aka bi. Harris ya ɗauki littafi guda da rabi yana nuna mana mace mai tunani da kanta, a lokacin da ya fi kowane muhimmanci kuma ya kashe mata fitila ya yi aikin cikin duhu. Idan har za ta zauna a wancan teburi, ina son in ji dalilinta daga bakinta tana cikin hayyacinta.

Amma ba na raina masu cewa mu muka jawo. A 2003 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta fitar da jerin mugaye da gwaraza na tarihin fim. Lecter ne na ɗaya a mugaye, Starling ta shida a gwaraza. Ko a nan an nuna wanda aka fi ɗoki a kansa.

Ra'ayin mutane ya sauya bayan shekaru?

Ya ɗan sauya, kuma talabijin ne sanadi. Tsakanin 2013 da 2015 tashar NBC ta nuna shiri mai dogon zango da Bryan Fuller ya tsara, Mads Mikkelsen a matsayin Lecter, Hugh Dancy a matsayin Will Graham, mai binciken da ke littafi na farko. Ba su da izinin amfani da Starling, sai suka kwashe abubuwa da yawa na littafin 1999, Florence da Pazzi da Verger da Margot, har da jan hankalin mai bincike zuwa ga dodo, suka ɗora a kan Graham. Sun yi abin a hankali cikin zango uku, masu kallo suna ganin kowane taku. Da yawa daga cikin waɗanda suka so shirin sun koma littafin suka same shi da sauƙin haɗiya fiye da da. Wasu kuma suka ce shirin ya tabbatar da ƙorafinsu ne, tunda ya nuna abin yana yiwuwa idan aka ba shi lokaci. A 2021 tashar CBS ta yi nata shirin kan Starling, ita kuma ba ta da izinin ambaton Lecter, zango ɗaya ya yi ya tsaya.

Wanda bai karanta ko ɗaya ba, daga ina zai fara?

Ya bi yadda suka fito: 1981, 1988, sannan 1999. Kada ya fara da na 2006 don wai shi ne farkon labari, zai kashe masa kwarjinin Lecter tun kafin ya haɗu da shi. Wanda ya kalli fim ɗin 2001 kaɗai kuma kada ya ce ya san littafin, domin babi na ƙarshe-ƙarshe ba su shiga fim ba sam. Littattafan da Turanci suke, kuma ba na yara ba ne. Mai raunin zuciya, ko wanda labarin cin zarafin yara ke tayar wa hankali, ya sani cewa sassan Mason Verger suna da nauyi, kuma tun kusan farkon littafin ake shiga ɗakinsa.